Kansar ƙwaƙwalwa: tsakanin asibiti da mai maganin gargajiya

'Yar'uwa, kin ce an gano kansar ƙwaƙwalwa a jikin Baba, likita ya ce tiyata, amma Yaya ya rantse ba za a buɗe masa kai ba, sai dai a kai shi wurin mai magani. Allah ya ba Baba lafiya.

Tsoron Yaya ba wauta ba ne, kada ki yi masa gatsali. Sai dai ƙashin kai ba ya miƙewa. Ƙari na girma a ciki yana danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ganin ciwon kai da asuba, amai, farfaɗiya. Jiƙo ba ya rage wannan matsi. Tiyata ce kuma ke ba da damar a ɗebi tsokar a duba irinta, domin ba kowane ƙari ba ne mugu. Idan mai tsanani ne irin giliyobilastoma, bayan tiyata akan yi gashi (haska ƙarin da na'ura don kashe kansar) na kusan mako 6 tare da ƙwayar maganin kansa mai suna temozolomide. Ba kasafai yake warkewa gaba ɗaya ba, amma ana samun ƙarin lokaci da sauƙin jiki.

Ki tafi da Yaya wurin likitan, ya ga hoton ƙwaƙwalwar Baba da idonsa, ya yi tambayoyinsa. Addu'a, tofi da zamzam duk a ci gaba. Amma duk wani sassaƙe a nuna wa likita tukuna, kuma kada a tsayar da maganin farfaɗiya ko dexamethasone (maganin rage kumburi) kwatsam, haɗari ne babba.

Kuma idan Baba yana cikin hayyacinsa, ku tambaye shi abin da yake so. Maganarsa ce gaba da taku duka.