Amsa: gwajin kod ɗin da ke taɓa databes

Malam, kan tambayarka ta yadda za ka gwada kod ɗin da sai ya taɓa databes (ma'ajiyar bayanai), ni dai shawarata raba aikin biyu. Cire lissafi daga inda kake rubuta SQL (yaren da ake ba databes umarni da shi), ka ba shi databes na bogi mai ajiya a memori, gwajin zai gudu nan take. Amma SQL ɗin kansa kam dole sai a kan na gaske, kuma don Allah kar ka dogara da SQLite (wani ƙaramin databes mai sauƙi) wajen gwaji in PostgreSQL (wani babban databes) kake amfani da shi, don SQLite zai karɓi rubutu a gurbin lamba bai ce uffan ba. Tada PostgreSQL a Docker (manhajar da ke gudanar da wata manhaja a keɓe), kowane gwaji ya gama a maido da bayanan yadda suke, kar ya ɓata wa na gaba.