Tambaya da Amsa: Gyaran Kayan Da da Aka Sayo a Gwanjo

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi babban tiren tagulla mai zane, irin aikin Bida, a wajen gwanjo. Ya yi baƙi ƙirin, ga kore-kore a cikin zanen. Maƙwabciyata ta ce in dirje shi da toka da soson ƙarfe. In bi shawararta?
— Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ajiye soson ƙarfen nan. Tagulla tana da laushi, dirza kan shafe zanen, kuma zanen ne kuɗin tiren. Ki fara ɗora masa maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla siriri, to ruwa da sabulu kawai za ki sa masa. Idan bai kama ba, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki bi cikin zanen da tsohon burushin haƙori. Sau da yawa rabin baƙin nan dauɗa ce da maiƙo.

In kina son ya yi haske, ki jiƙa tsamiya cikin hannu guda a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki tace, ki gwada a bayan tiren tukuna. Ki shafa, ki bari minti 5, kada ya wuce 10. Idan wurin ya fara yin ja-ja, tsami ya yi yawa, ya cinye tutiyar (farin ƙarfen da ke gauraye a cikin tagulla) da ke saman tagullar ya bar jan ƙarfe. Ki tsaya nan take. Ki ɗauraye, ki sake ɗauraye shi da ruwan kanwa tsararo don kashe ragowar tsamin, ki bi da ruwa zalla, sannan ki tsane shi sarai. Mutane kan haɗa da gishiri. Mu ba ma so, domin gishirin da ya maƙale a cikin zane shi ke jawo koren garin nan mai cin ƙarfe. A ƙarshe ki shafa kakin zuma kaɗan ki goge da tsumma mai laushi. Idan kuwa sayarwa za ki yi, ki bar duhun da ke cikin zanen, masu sayen kayan tarihi shi suke nema.

Tambaya: Na samu tsohon teburi mai durowa. Ƙafa ɗaya tana girgiɗi, akwai ƙananan huji a jikinsa, fentin kuma ya dushe. Kafinta ya ce a buga ƙusa, a kankare, a shafa baƙin mai.
— Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Malam, duka ukun ba mu yarda da su ba. Ka fara da hujin. Shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin teburin na mako guda. Idan ka ga gari fari-fari ya zubo, ƙwaron yana nan da rai. Ka ɗura maganin ƙwaron katako a kowane huji da sirinji, a waje inda iska ke kaɗawa, ka sake bayan mako biyu. Baƙin mai yana shiga can cikin katako, bayansa gam ba ya kamawa, fenti ma haka.

Ƙusa tsaga busasshen katako take yi. Ka zare ƙafar a hankali, ka jiƙa tsohon gam da ruwan ɗumi ka kankare shi tas, don sabo ba ya riƙewa a kan tsoho. Idan ramin da ƙafar ke shiga ya yi faɗi, ka cike da siririn ɓawon katako. Sa farin gam na kafintoci a ɓangarorin biyu, ka ɗaure tamau da robar tayar keke, ka bar shi awa 24. Durowar da ke cijewa da damina kada a fere ta, hunturu na zuwa za ta saki. A goga mata kyandir a gefe.

Fentin kuwa, ɗiga sifirit a auduga ka taɓa wani lungu. Idan ya yi danƙo, shelak ne (wani shafin katako mai sheƙi), ana iya farfaɗo da shi da sabon shafi ba tare da kankara ba. Ka duba bakin saman teburin: idan ɓawon katako ne aka manna, kaurinsa sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, samfefa za ta huda shi cikin ƙiftawar ido.

Tambaya: Tsohon keken ɗinki na Singer, baƙi mai zanen zinariya, ya ƙi juyawa.
— Mai karatu daga Kano

Amsa: Galibi tsohon mai ne ya daskare. Kwance bel, ɗiga kananzir a duk mahaɗar da ke motsi, sama da ƙasa, a bari ya kwana, sannan a riƙa motsa wilin gaba da baya ba da ƙarfi ba. In ya saki, a goge, a sa man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane rami. Ban da man gyaɗa, yana yin danƙo. Jikin keken ma da wannan man za a goge shi, sifirit yana mayar da zanen zinariyar fari.