Lissafin ruwan sama a bayan buhun siminti

Ka tambaye ni dalilin da ya sa injiniya ya hana mu daɓe tsakar gidan nan gaba ɗaya, ya ce a bar ƙasa a dasa ciyawa da itatuwa, alhali mai gidan yana da kuɗin siminti. To ajiye cokalin ginin, miƙo min takardar buhun can.

Fulotin nan ƙafa 50 ne da 100, wato kusan mita 15 da 30, murabba'in mita 450. Riƙe wannan a kanka, yaro: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. In aka yi ruwa mai ƙarfi irin na watan Agusta, a ce milimita 40, lita 18,000 ce ta sauka a gidan nan. Duro 90 ke nan, irin mai cin lita 200.

Ina za su? Kwano da daɓen siminti ba sa sha, kusan kashi 9 cikin 10 lambatu yake tafiya, duro 81 daga gida guda. Amma in rufin ya ci 250 muka bar 200 ƙasa mai yashi da ciyawa, rufin zai zubar da duro 45, filin kuwa bai fi 8 ba. Ka ga an dawo 53. In muka kai bakin indararo cikin ramin tsakuwa ko tanki, sai ya ƙara raguwa.

Abin da injiniya yake yi a kwamfuta ke nan, sai dai shi unguwa guda yake ɗauka. Manhajar da ya nuna min sunanta SWMM, ta hukumar kare muhalli ta Amurka, tun 1971 ake aiki da ita. Ta fi takardar nan tawa da abu ɗaya, tana lissafa lokaci. Abin da ya fi karya kwata shi ne ruwan kowane gida ya iso mata a minti goma ɗin farko. Ciyawa da rami suna riƙe shi, su sake shi a hankali, bayan na titi ya wuce. A da kududdufai ne suke yi wa Kano wannan aikin, daga nan muke ɗibar ƙasar gini ma. Da yawa an cike su an yi gidaje da shaguna a kai, ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba.

Kada dai lissafi ya ruɗe ka. Ƙasar da ta sha ruwa kwana uku a jere ta ƙoshi, laka kuma ba jigawa ba ce. Na taɓa haƙa irin ramin nan a wani gida ban gwada ƙasar ba, ya zama tafkin sauro, na ci zagi har na gode Allah. Tun daga ranar sai na haƙa ɗan rami, na cika shi da ruwa sau uku, na duba agogo. In na ukun ya kwana bai shanye ba, tanki za a sa. Kuma ba na yarda rami ya matso fandisho ƙasa da mita 5, ko ya kusanci rijiya da masai.

Gobe ka zo da diga da jarka huɗu, kai za ka riƙe agogon.