Hatsin da nake watsa wa tantabaru bai isa kiyaye tsuntsaye ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe a Jidda, kullum da safe ina watsa wa tantabaru hatsi sadaka. Sai ga ɗana da ke jami'a yana ce min wai tsuntsaye na ƙarewa a birni, kuma hatsin nawa ba ya taimako. Ni dai ban ga sun ragu ba, hankaki ma har sun ishe mu. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya karɓi sadaka. Ke yawa kike gani, shi kuwa yaron iri yake ƙirgawa. An ga tsuntsaye wajen iri 500 a Saudiyya, amma ki zauna a ƙofar gida da hantsi ki lissafa masu sauka: tantabara, kurciya, hankaka, sai ɗan baƙon nan mai rawayan baki da rawaya a gefen ido da ake kira maina. Birni yana girma, waɗannan 'yan kaɗan suna ninkuwa, sauran suna janyewa.

Ki lura da hankakan Jidda da kyau. Ba shi da farin ƙirji irin namu na gida, wuyansa toka-toka ne. Asalinsa ɗan ƙasar Indiya ne, jiragen ruwa suka yaɗa shi a tashoshin Bahar Maliya. Abincinsa na cikin buɗaɗɗiyar shara, da ragowar shinkafa da kayan cikin kifi, kuma idan ya ƙoshi ya hayayyafa sai ya bi sheƙar ƙananan tsuntsaye yana shanye ƙwai yana kwashe 'ya'ya. Maina ma daga yankin Indiya take, ita kuma ramukan da wasu ke sheƙa a ciki take ƙwacewa. Saboda haka rufe kwandon shara ya fi mudun hatsi amfani ga ƙananan, ko da yake na san ba shi da daɗin ji kamar sadaka. Guba kam kada a kusance ta, don ba ta zaɓen wanda za ta kashe.

Su waɗanda ke janyewar, yawancinsu ba su damu da hatsi ba. Alhudahuda tsutsa yake tona a ƙasa mai laushi, to ina zai soka baki a tsakar gidan da aka shafe da tayil? Ɗan rawayan nan mai saƙa sheƙa tana lilo a bakin reshe kuwa itace yake nema, musamman mai ƙaya. Ga kuma matafiya, masu ratsa gaɓar Bahar Maliya sau biyu a shekara tsakanin Turai da Asiya da Afirka. Suna isowa a gajiye, abin da suke bukata ruwa ne da ƙwari da wurin fakewa. Hasken dogayen gine-gine na ruɗa masu tafiyar dare, gilashi kuma na kashe su da rana.

An gwada gyara an ga amfaninsa. Kwarin Wadi Hanifa da ke Riyad ya taɓa zama juji da wurin haƙar tsakuwa, aka share shi, aka tace ruwansa, aka dasa itatuwan yankin, tsuntsayen ruwa suka samu wurin zama, har aikin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 2010. Shirin dashen itatuwa biliyan 10 da Saudiyya ta sanar a 2021 ma zai amfani tsuntsaye gwargwadon irin itacen da aka zaɓa. A nawa ganin kurna ɗaya ko itacen asuwaki ɗaya ya fi layin itacen ado da ake yi wa aski duk wata. Dama tun ranar buɗe Makka Annabi (SAW) ya hana sare ƙayar Harami da razana dabbobin dajinta, ya haɗa itace da dabba a hukunci guda.

Ke kuma Hajiya, ki rage hatsin, ki ajiye ruwa a faffaɗan kwano marar zurfi, a inuwa, inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Wanda ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ma ya wadatar. Sai dai ki riƙa zubarwa kina wanke kwanon duk kwana biyu, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a Jidda a irin wannan tsayayyen ruwa yake ƙwai. In da fili ki dasa kurna, kuma in kin ga sheƙa a reshe ki ce a dakata da sassabe har 'ya'yan su tashi.