Ɗan wasan da aka haifa a waje, zai iya buga wa ƙasar iyayensa?

Malam, ka tambaya ko ba maguɗi ba ne ƙasa ta cika tawagarta ta rugbi lig (wasan ƙwallon da ake ɗauka a hannu a ruga da ita) da 'yan wasan da aka haifa a waje. Doka ta yarda. Idan an haife ka a ƙasar, ko an haifi ɗaya daga iyayenka ko kakanninka a can, ko ka zauna shekara 5, ka cancanta.

Dubi Tonga a gasar kofin duniya ta 2017. Jason Taumalolo a birnin Okland na New Zilan aka haife shi, ya bar tawagar New Zilan ya koma ta Tonga, ƙasar iyayensa. Suka doke New Zilan ɗin 28-22, sai a wasan kusa da na ƙarshe Ingila ta fitar da su da ƙyar, 20-18. Ƙasar Samowa ma haka ta kai wasan ƙarshe a 2022.

A gidan kallo nan Samaru kuwa, in Lookman, ɗan ƙwallon ƙafan Najeriya, ya jefa ƙwallo har benci ake hawa, ba wanda ke tuna a Landan aka haife shi.

Abin da ke damuna shi ne a ƙyale yaran gida babu fili, babu gasa, sai wasa ya matso a shiga lalubo jikoki a birnin Sidni na Ostareliya.