Ga ƙanwar da ta samu gurbin karatun matsalolin magana da ji a Amurka

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Kin ce wata jami'a mai zaman kanta a Amurka ta ba ki gurbi, kina tambaya ko da kin gama shekara huɗun za ki fara duba marasa lafiya. Ta wannan hanyar na bi, don haka gara ki ji tun yanzu: ba za ki fara ba. A can, digirin farko a wannan fanni share fage ne kawai.

Mai son zama ƙwararre kan gyaran magana sai ya ƙara digiri na biyu, galibi shekara 2, a shirin da hukumar tantancewa ta ASHA, wato ƙungiyar ƙwararrun magana da ji ta Amurka, ta amince da shi. A ciki zai cika awa 400 na aikin asibiti: 25 yana kallon gwani, 375 shi da mara lafiya. Daga nan sai jarrabawar tabbatar da ƙwarewa da ake kira Praxis, sai aƙalla mako 36 yana aiki ana sa masa ido. Ɓangaren ji kuwa digirin dakta ake nema, yawanci shekara 4.

To ki zauna da iyayenki ku yi lissafin shekara shida, ba huɗu ba. Kuɗin makaranta kaɗai a jami'o'i irin su Northwestern, Jami'ar New York (NYU) da Jami'ar Boston ya haura dala 60,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci. Na ga abokan karatu da suka ƙarar da komai a digirin farko, lokacin na biyu ya zo babu abin biya. Idan tallafi aka ba ki, ki tambaya a rubuce ko na shekara huɗu ne. In kuma babu, ki leƙa Birtaniya, inda digirin farko na gyaran magana, shekara 3 ko 4, ke ba mutum damar yin rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista a can, ya kama aiki.

Ba na raina abin da na samu. Ajinmu ƙarami ne, malamai sun san sunan kowa, kuma akwai asibitin koyarwa a harabar jami'ar. Nan na fara ganin yadda ake aiki da yaro mai in'ina, da mai galahanga, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa magana har haɗiyar abinci ta gagare shi. Karatun kimiyya ne sosai: tsarin maƙogwaro da kunne da ƙwaƙwalwa, ilimin furuci, kimiyyar sauti, ƙididdiga.

Abin da ya fi damuna shi ne kusan komai an gina shi ne a kan Turanci. Gwaje-gwajen da za a koya miki a kan yara masu Turanci aka auna su. Ba su san ɓ, ɗ da ƙ ba, ba su san karin sautinmu ba. Yaron Bahaushe da ke musanya "p" da "f" a Turanci ba shi da wata larura, harshensa ne ya yi tasiri, amma wanda bai sani ba sai ya rubuta masa cuta. Don Allah ki riƙa rubuta furucin Hausa da alamomin rubuta sauti da za a koya miki tun ajin farko, ki nemi malamin da ke bincike kan masu harshe biyu.

Idan gida za ki dawo, hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya. Ki tuntuɓe su tun kafin ki biya sisi, ki ji matsayin takardar da za ki kawo. In kin zo hutu kuma, ki nemi izinin kallon aiki a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.