Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus koyon haɗa ƙarfen gwiwa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama karatun injiniyanci, kana so ka zo Jamus ka koyi ƙera ƙarfen ƙafa mai lanƙwasawa kamar gwiwar mutum, saboda yayarka da shan inna ya taɓa. Allah ya ƙara mata lafiya.

Bari in fara da kunyar da na sha. Watana na huɗu a wurin koyon aiki na haɗa wa wani dattijo ƙarfe, sai na saukar da mahaɗar gwiwar ƙasa da inda ya kamata, bai fi faɗin yatsa ba. Bayan sati ya dawo fata duk ta saluɓe, don in ya zauna ƙarfen hawa da sauka yake yi a jikin ƙafar. Maigidana bai yi faɗa ba. Kama hannuna ya yi ya ɗora a kan gwiwarsa, ya ce in saurara da yatsu.

Gwiwa ba ƙyauren ɗaki ba ce mai juyawa a kan ƙusa ɗaya. Ƙashin cinya mirginawa yake yi a kan na ƙwauri, yana kuma zamewa, gab da miƙewa ƙwaurin ya ɗan murɗa waje ya kulle. Cibiyar juyawar ba ta tsayawa wuri guda. Shi ya sa masu mahaɗa mai ƙusa ɗaya suke neman matsakaicin wurin kafa ƙusar: kamar santimita 2 sama da tsagar gwiwa, inda ƙasusuwan biyu suka haɗu, kashi 60 na kaurin gwiwar daga gaba, 40 daga baya. Wasu mahaɗun kuma sanduna huɗu ake yi musu, kwaikwayon jijiyoyi biyu da suka gitta juna a cikin gwiwa. Akwai wani ƙarfen ƙafa, C-Brace, na kamfanin Ottobock da ke garin Duderstadt a nan Jamus, mai ƙaramar kwamfuta da ke lura da kowane taku. Abin burgewa ne, amma ko a nan sai inshora ta amince. In ya lalace a Kurna wa zai gyara?

Maganar zuwa: koyon sana'ar a nan shekara 3 ne, kana shago kana makaranta, ana ba ka ɗan abin kashewa. Jamusanci dole ne, aƙalla matakin B1, wato matsakaicin iya harshe, gara ma B2 da ke gaba da shi, don da majiyyaci za ka yi hira, ba da inji ba. In Turanci kake so, Jami'ar Strathclyde a Glasgow na da digirin shekara 4, sai dai kuɗin ba na yaro ba ne. Kada ka raina TATCOT, makarantar koyon wannan sana'a da ke Moshi a Tanzaniya. Tun 1981 suke horar da mutane a kan irin ƙafafunmu da irin aljihunmu.

Kafin ka kashe ko sisi a neman biza, je Asibitin Ƙashi na Dala ka roƙi a bar ka kana kallon yadda ake ɗaukar awon ƙafa da filasta. Ka tafi da tsohon ƙarfen Yaya, ka duba inda ya ci mata fata, ka turo mini hoto.